Abin da Allura Ba Ta Zuƙe Ba

Talata, 6 ga Mayu, bayan azahar

Wannan ragowar littafin shirya darasi ne, tun kafin in yi ritaya daga firamare. Ga shi 'yan shafukan baya sun yi rana. Malam Ummaru ya shekara huɗu a ƙasa, yaran maza sun watse neman abinci, wadda maganar ta shafa kuma ba na iya kallon idonta. To, bari in faɗa wa takarda.

Bashira. A rubuce ina iyawa, baki ne bai taɓa faɗa ba. 'Yar fari ce, kuma a gidajenmu na Gobarau uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a idon mutane. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ta zo gida wankan jego na haihuwarta ta farko, yau kwana goma sha shida. Yaron ya ci sunan Malam, muna ce masa Abba. Ni angona nake ce masa, duk da bai kawo ko goro ba.

Da safe mijinta Mannir ya zo daga unguwarsu Kambarawa, ya tarar da ita cikin bargo tana rawar sanyi, a wannan zafin da ko kaza ba ta fita. Mannir ɗin da ke durƙuso tun daga zaure, yau a tsaye ya gaishe ni. Ya ce, "Hajiya, asibiti za mu." Na ɗauko mayafi.

Likitar mace ce, Haulat, da ƙyar in ta girmi Bashira. Ta shafa mai a nonon hagu, ta ɗora na'urar hoto irin ta duba ciki, ta nuna mana wani baƙin wuri a allon, kamar ƙwan zabuwa. Ta ce ƙurji ne a can ciki, mugunya ta taru. Ba za ta tsaga ba tukuna. Ta yi allurar kashe zafi, sannan ta shigar da wata doguwa tana kallon allo, tana ja a hankali. Sirinji biyu da rabi ya cika. Bashira ta juya fuska bango, ko tari ba ta yi ba. Ni na tsaya bakin ƙofa riƙe da jakarta.

An aika mugunyar ɗakin gwaji. An ba ta kafso, sau huɗu a rana, kuma sai ta shanye duka ko da ta ji sauƙi. Mu koma Juma'a. In ya sake taruwa a sake zuƙewa, in allura ta gaza sai wuƙa.

Sannan likita ta ce, "Yaushe rabon da ki ba shi wanga gefen?"

"Kwana shidda."

"Na daman hwa?"

"Kwana huɗu. Madarar gwangwani shike sha."

"Wa ya ce ki daina?"

Bashira ta ce, "Ni ce na ga dama, likita."

Likita ta dube ta, ta dube ni. Ta ce nonon bai ɓaci ba, barin sa cike ne ya kawo wannan, kuma maganin ba ya cutar da jariri. A mayar da yaro kan nono yau, duka biyun, kafin ruwan ya ɗauke.

Laraba, 7 ga Mayu, hantsi

Zazzaɓi ya sauka. Ta sha kunun kanwa rabin kofi.

Abba ya ƙi nono. Ana kai masa sai ya sandare, ya kau da kai, ya tsala kuka har fuskarsa ta yi ja. Da an sa masa bakin kwalba sai shiru. Kwana biyar kawai, har ya san abin da ke zuba ba wahala. Namiji ke nan.

Hajo ce ta jawo duk wannan. Ita ke yi wa matan unguwar nan wankan jego tun ina amarya, ita ta kawo zancen gwajin nono. Da gefen hagu ya kumbura ya yi ja, aka tatsa a ludayi, aka saka tururuwa uku. Wai in sun fito lafiya lau ne, in sun mutu a ciki nono ya ɓaci. Biyu suka mutu. Ni da na shekara talatin da biyar ina koya wa yara kiwon lafiya a allo, sai yau nake tambayar kaina wace tururuwa ce ta iya iyo.

Laraba, bayan la'asar

Ya ƙi.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe biyu

An sake zuƙewa, sirinji ɗaya da 'yan kai. Gwaji ya fito, ƙwayar cutar ba ta jin maganin farko, an canza wani. Wata nas mai faɗin fuska ta zaunar da Bashira ta koya mata tatsa da hannu, ta ce a jefar da kwalba, a riƙa ba shi a ɗan kofi ko cokali, ko da madarar ce, don kada ya manta tsotso gaba ɗaya. Ta ce ta riƙa kwantar da shi a ƙirjinta ba riga, fata da fata, ba sai yana jin yunwa ba. A bar su su huta, kada a takura.

Da muka dawo na ɗauko rula na zana jadawali a kwali, na kafa a bangon ɗakinta. Layin magani, layin tatsa, layin gwada nono duk bayan awa biyu. Jan birona yana nan, bai bushe ba. Abin da na iya ke nan, kuma ba wanda zai ce ban yi komai ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

Magani huɗu, maki huɗu. Layin nono, sifili tun daga sama har ƙasa.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan azahar

Hajo ta zo da ganyen bedi, wato darbejiya, na wanka, kamar ba abin da ya faru. Tana hura wuta a gindin tukunya take ce mini, "Wanga tsire-tsiren allura har yaushe? Ku kira wanzami ya yi mata sakiya, ƙarfe ɗaya mai zahi, komi ya hito a huta."

Na wanke ta tas. Na ce ba ta ishe mu da tururuwarta ba, sai ta ƙona 'yar mutane? Na faɗi maganganu har da waɗanda ba su shafi nono ba. Ta bari na gama, ta gyara itace, ta ce, "Hure, ni na kamo tururuwa, ban musa ba. Ludayin wa ya miƙo? Kwalbar wa ya aika a sawo? Kuma ranar suna ba ni na yi magana ba."

Ta yi wa Bashira wankan, ta kauce wa gefen ciwon kamar yadda likita ta ce, ta tafi ba ta ci tuwon da na ajiye mata ba.

Ba zan rubuta zancen ranar suna ba.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe goma

Na tsaya a kansu minti ashirin. Na ce ta ɗaga kansa, ta sauke kafaɗa, ba haka nas ta nuna ba. Yaro yana kuka, ita tana zufa, ko ɗigo bai zubo ba. Da na fita ɗebo ruwa na dawo, na tarar gaban rigarta ya jiƙe. Na ce, "Ga shi nan yana zuba a banza."

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Allura ta uku. Likita Haulat ba ta yi fara'a ba yau. Ta ce ramin ya ragu amma ba yadda take so ba. In Juma'a ta zo ya sake cika, za a shiga da ita a tsaga, a bar wurin a buɗe ana wanke shi kullum har ya cike daga ciki. Ta ce ko an tsaga ana iya shayarwa, sai dai wahalar ta fi yawa, kuma yaron da ya riga ya ƙi, abin zai ƙara nisa.

Wurin ya yi shuɗi saboda suka. Da za a shigar da allurar, Bashira ta miƙa hannu gefe tana laluben abin riƙewa. Ina nan taku biyu. Nas ce ta kama.

A mota Mannir ya kunna karatu har Gobarau. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fita da Malam.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan sallar asuba

To, bari in rubuta, tunda ya hana ni cin abinci.

Ranar suna gida ya cika. Dangin Mannir sun zo mota uku, har da uwarsa da gwaggwanninsa. Bashira tana zaune a tsakar ɗaki cikin leshi, yaro ya yi kuka, sai kawai ta karɓe shi daga hannun wata, ta ɗaga mayafi ta sa masa nono, tana shafa kansa tana yi masa magana. A gaban surukai. Ɗan fari. Na ga wata gwaggo ta taɓa ta kusa da ita, sun yi murmushi. Wataƙila murmushin sha'awa ne, ban tsaya tantancewa ba. Jini ya hau mini kai.

Na kira ta ɗakina na rufe ƙofa. Na ce, "Ke ba ki da kunya? Kanki farau haihuwa? So kike a ce ɗiyar Malama Hure ba ta samu tarbiyya ba? In ya yi kuka a bar shi, ba ya mutuwa. Sai baƙi sun tahi."

Baƙi ba su tafi ba. Masu barka kwana uku suna shiga suna fita, daga hantsi har magariba. Duk wannan lokaci tana zaune kai a sunkuye, yaro yana yawo hannu hannu ana lallashinsa da ruwan zamzam a cokali, ƙirjinta yana cika yana tauri. Ina gani tana gyara zama, tana cije leɓe. Na ji daɗi a raina, na ce yarinya ta ji magana. Wata ma ta yaba mini kawaicinta, na yi godiya.

Da ya kumbura, ni na miƙa ludayi. Da zazzaɓi ya zo, ni na ce mai zazzaɓi ba ta shayarwa, na aika aka sawo kwalba. Ni na ce kada a gaya wa Mannir, zancen mata ne. Shi ke nan. Ba Hajo ba ce.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe ɗaya

Alhamdu lillahi. Hoto ya nuna abin da ya rage bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ba wuƙa, ba ma allura. Ta ƙarasa magani, a dawo bayan mako guda.

Sai dai likita ta tambayi abin da take tatsa a rana, Bashira ta nuna mata a jikin kofi. Ya ragu da rabi. Likita ta ce tsotson yaro ne ke kiran ruwa, hannu ba ya kai baki. Ta ce, "Hajiya, tana samun barci? Hankalinta kwance shike?" Na ce komai a kan tsari yake, har jadawali na yi mata. Likita ta buɗe baki, ta rufe, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

An yi yayyafin farko. Angona ya ƙi.

Lahadi, 18 ga Mayu, hantsi

Ina shanya kayan Abba na tuna ranar da aka yaye ta. Wata goma sha tara, uwar Malam ta zo daga Ƙofar Kaura ta goya ta ta tafi. Haka ake yi, 'yar fari ta kaka ce. Tana miƙo hannu tana kuka, ni ina tankaɗe ban ɗaga kai ba, aka ce Hure akwai kunya. Kwana huɗu nonona yana zuba, na ɗaure shi da zane, ban gaya wa kowa ba.

Ba ta dawo hannuna ba sai da tsohuwar ta rasu, tana shekara tara. Kafin nan a makaranta take ganina. Shi ya sa har yau Malama take ce mini, kamar sauran 'yan aji. Ban taɓa gyara mata ba. Ni da ke gyara wa yara wasali ɗaya da jan biro.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Kwalin ya cika, na zana sabo.

Talata, 20 ga Mayu, bayan azahar

Ban jefar da kwalbar ba. A bayan kwanukan kabet na ɓoye ta.

Bashira ta samu barci bayan wanka, yaro ya tashi da kuka. Na gwada cokali, rabi a baki rabi a wuya. Kukan yana shiga mini har ƙashi. Na ce sau ɗaya dai, ta huta. Ina zaune a ɗakina yana zuƙa idonsa a lumshe, sai na ga inuwa a ƙofa.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta zo ta zare kwalbar daga bakinsa, ta ɗauke shi.

"Kwana goma sha ɗaya ina hama da cokali, Malama."

Na ce kuka yake yi. Na bi ta ɗakinta ina bayani, ina nuna mata kwali, lokacin gwaji ma ya yi. Ta tsaya da yaro a kafaɗa, ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Dan Allah ki hita. In kina tsaye ba shi zuwa. Ji nike kamar za ki duba mani aiki."

Na fita. Garin neman gira na sake tsone ido.

Laraba, 21 ga Mayu

Ƙofarta a rufe. Na ajiye kunu a bakin ƙofa, na dawo na ɗauki kofin ba komai.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Mannir ya zo, ya durƙusa tun daga zaure. Gaisuwa har da ta kakanni: ina gajiya, ina hidima, yaya zafi, yaya muka ji da jinya. Na san akwai magana. Ya yi ta murza hularsa, sannan ya ce asibitin ya fi kusa da Kambarawa, kuma yayarsa Hawwa ta ce za ta zo ta zauna da su, ta ƙarasa mata wankan. In na yarda.

Kwana talatin da biyu. Saura takwas arba'in ta cika, a yi mata kitso da lalle, in raka ta da kayan yaji kamar kowace uwa. Tun da nake a unguwar nan ban ji maijegon da ta bar gidan uwarta kafin arba'in ba. Gobe kowa zai ji.

Abin da ya fara zuwa mini ke nan, abin da mutane za su ce. Na kama kaina ina wannan tunanin, na ji kunyar da ta dace in ji tun tuni.

Na ce, "Ita ta ce?"

Ya ce, "Hajiya, ni ne na ga dama."

Su biyun bakinsu ɗaya wajen rufa mini asiri. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe sha biyu

Daga asibiti za su wuce. Likita ta ce ƙurji ya warke, taurin da ya rage zai saki da kansa, magani ya ƙare yau. Tabon allura uku ne kawai, kamar cizon sauro. Na hagu kusan ya ƙafe. Na dama da saura, in yaro ya kama cikin kwanakin nan.

A bakin mota ta durƙusa ta ce, "Malama, na gode da hidima. A yahe mani abin da na ce."

Akwai abin da ya kamata in faɗa, tun asuba nake shirya shi. Na ce, "Ki riƙa rufe masa kai, akwai iska."

Asabar, 24 ga Mayu, hantsi

Hajo ta leƙo. Na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji, ta zauna ta ci ɗumame. Ba mu yi zancen ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban kira ba. Ba su kira ba.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan azahar

Saƙon murya ya shigo daga wayar Bashira, daƙiƙa arba'in da bakwai. Na ɗauka kuskure ne, don ba magana a ciki. Fanka tana juyawa, can nesa wata tana wanke kwanuka. Na ƙara sauti na kanga a kunne. Sai na ji shi. Ɗan numfashi ta hanci, sannan haɗiya. Numfashi, haɗiya. A hankali, ba gaggawa, kamar mai abin duniya a hannu. Kusa da ƙarshe ta yi 'yar dariya ƙasa ƙasa, ta ce masa, "A hankali mana." Ban taɓa jin wannan muryar tata ba.

Mannir ya kira daga baya. Ya ce tun jiya da hantsi ne. Hawwa ba ta yi komai ba, ta ja musu labule ne ta tafi kasuwa. Da ta dawo ta tarar sun yi barci yana manne da na dama.

Kwana goma sha ɗaya ina tsaye a kansu da jan biro. Kwana biyu da barin gidana ya kama.

Na yi sujada. Na saurari saƙon har batir ya yi ja. Ta iya barin Mannir ya gaya mini, amma ta ɗauka ta turo mini da hannunta, ni da na jawo. Na danna wurin ɗaukar murya, na yi magana mai tsawo, na goge. Na sake, muryata ta karye a tsakiya, na goge. Na uku ban iya ko farawa ba.

Abin da na aika a rubuce yake: "Madalla. A gaida Mannir."

Ta karanta. Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake, ta tsaya. Har yanzu wayar tana kan cinyata.